Ɗakin Ɗan Kurmi

Akwai wani ɗaki a gidanmu na Tawa wanda ba na shiga. Yana dab da zaure, hannun dama in ka shigo. Yanzu matar wana ce ke ajiye buhunan hatsi da tsofaffin tukwane a ciki, in kuwa ana neman wani abu daga can sai dai wani ya ɗauko, ba ni ba. Mutanen gida sun ce ina da riƙo. To, na ji, ina da riƙo, kuma da shi za a binne ni. A bangon ɗakin nan wani mutum ya zuba aikin rayuwarsa gaba ɗaya, abin da muka yi da aikin kuwa shi nake so in faɗa a nan, tunda a gida da na buɗe baki sai a ce in yi haƙuri.

Ni direba ne. Na daɗe ina jan motar haya tsakanin Tawa da garuruwan arewa, Afala, Tabaram, har inda hanya take ƙarewa rairayi ya karɓa. A tasha na fara ganinsa, ya sauko daga motar Kwanni da akwatin katako a ka da burusai a aljihun riga. Dogo ne siriri, Hausarsa irin ta zango, wadda ke sa mutanenmu murmushi. Daga arewacin Togo yake, musulmi kamarmu, amma a bakin teku ya koyi sana'a wurin wani mai rubuta allunan shaguna. An gaya masa arewa babu masu irin aikinsa, shi ne ya biyo hanya. 'Yan tasha suka laƙa masa Ɗan Kurmi, domin a wurinmu duk wanda ya fito daga ƙasashen bakin teku ɗan kurmi ne. Sunansa na yanka kuwa, tara mutanen unguwarmu yau ka tambaye su, ka sha kallon kame-kame.

Bayan motata ne aikinsa na farko a garin. Na ce ya zana mini zaki kamar na sauran motoci, na tafi cin abinci. Na dawo na tarar da teku, da bishiyar kwakwa, da kwalekwale. Motar da ke kai awaki kasuwar Tabaram ce fa, da kwalekwale a gindinta! Tasha ta ɗauki dariya. Na yi masa tas, ban rage komai ba. Ya tsaya hannu a baya yana saurare, da na gama sai ya ce shi bai taɓa ganin zaki ba, teku kuwa ya gani. Na ce ai ni ma ban taɓa ganin zakin ba. Ya ce to ashe mu biyun ba mu da abin yi da zaki. Dariya ta ƙwace mini ban shirya ba. Na bar tekun a bayan mota, kuma ranar na kai shi gida cin tuwo.

Inna ce ta ba shi ɗakin kusa da zaure. Na wana ne, ya bar shi da ya tafi biɗa, wato neman kuɗi, Abijan, kamar yadda kusan kowane gida a ƙasarmu ta Adar yake da ɗa a can. Ɗakin ƙasa ne, rufin azara, da 'yar taga guda mai kallon titi.

Shekarunsa na farko allunan shaguna ya yi ta yi. Kawunan masu aski, kazar mai gashi, almakashin tela, babur ɗin mai gyara. Komai ya zana sai ya sa masa kore sharaf a baya, ko kan mai aski ne sai ka hango ganyen kwakwa ta bayan kunnensa. Mutane suna so, don yana ƙyalli. Amma ranar Tawa ba ta da mutunci, kafin shekara ta zagayo fentin gwangwanin ya ɗaɗɗaye ya zube. Shi kansa ya fara gajiya da abin. Ya taɓa ce mini yana ji kamar har yanzu hannunsa bai iso garin ba, yana can bakin teku, ƙafafunsa kawai suka zo.

Wata rana ya bi ni Tabaram, wani mai shago ya kira shi rubutu. A hanyar dawowa taya ta fashe kusa da Afala, a gefen wata ƙorama da ta bushe. Ina fama da jak ina zage-zage, shi kuwa ya sulale ya gangara cikin ƙoramar. Na gama, fasinja sun shiga, ina ta danna oda, sai ga shi ya hawo da hularsa a hannu cike da ƙasa. Ja, da rawaya, da wata mai duhu kamar hanta. Daga gaɓar da ruwa ya yanke ya kankaro su. Na ce wannan wane irin hauka ne, mutane na jira. Ko kallona bai yi ba. Yana murza ƙasar a tafin hannu ya ce shekara da shekaru yana zaune a nan yana cewa ƙasar ba ta da launi, ashe shi ne makahon.

Daga ranar mutumin ya sake. Ya durƙusa gaban Inna ta nuna masa yadda mata ke shafe ɗaki da farar ƙasa a zamaninsu, da tafin hannu da tsumma. Ya yi ta zarya wurin dukawa har suka koya masa fitar da ja daga karan dafi. A kasuwar Tabaram akwai wata tsohuwar Buzuwa mai aikin fata, shi ba ya jin yarenta ita ba ta jin Hausarsa sosai, amma ya zauna gabanta kasuwa bayan kasuwa har ya gane yadda take samun baƙi wanda ba ya kodewa. Ya jiƙa ƙaro, ya daka gawayi, ya tankaɗe toka, ya sayi shuni. Ya gwada a allon katako, abin ya tsattsage ya zube. Ya gwada a ƙyalle, ya kakkaɓe. Wuri ɗaya kawai launin ya yarda ya zauna, shi ne bangon ƙasa na ɗakinsa. Yakan yayyafa wa bangon ruwa, ya bari ya ɗan tsane, sannan ya shafa da yatsu ko da kara da ya tauna bakinsa. Yakan ce bangon sha yake yi, kuma abin da ya sha ba ya mayarwa.

Wannan shi ne abin da ya ɗaure shi. Mai zane a allo in ya ga dama ya naɗe kayansa ya bar gari. Nasa aikin ba ya ɗaukuwa, ba ya sayuwa, ba ya fita ko ƙofar zaure. Da rana yana rubuta allunan shaguna don ya ci abinci, da sassafe bayan asuba kuma, lokacin da haske ke shigowa ta taga, yana bangonsa.

Ba ya zana fuska a ciki. Ya ce kawunan da yake yi wa masu aski sun ishe shi. Ƙasarmu ya zana, yadda ake ganinta daga cikin mota. Jajayen duwatsun nan masu shimfiɗaɗɗen kai, gonakin gero bayan an sare kara, burtalin shanu yana bi tsakaninsu, sawun dabbobi daga ko'ina suna haɗuwa a bakin rijiya. Babu mutum ko ɗaya, amma ko'ina ka duba ka san yanzu mutum ya wuce. Kuma ba ya gamawa. Bana ya yi, baɗi ya ɗora wani a kai, na ƙasa yana leƙowa ta cikin na sama. A bayan ƙofa, can ƙasa kusa da daɓe, ya bar wani zirin shuɗi, tekunsa ke nan. Kowace shekara sai na ga zirin ya ƙara sirancewa, amma bai taɓa shafe shi ba.

Na taɓa saukar da wani dattijon makiyayi a zaurenmu, yamma ta yi masa a hanya. Ya leƙa ɗakin neman buta, sai muka ji shiru. Na bi shi, na tarar ya tsaya gaban bangon yamma yana nuni da sanda. Ya faɗi sunan rijiyar, ya ce nan yake shayar da raƙumansa, ga ma inda ake ɗaure jakin jan guga. Ranar Ɗan Kurmi ya kasa cin abinci don murna.

Ni ne mai ɗauko masa ƙasa. Na san ramin ja, na san na rawaya, na san inda ake samun fara mai laushi a bayan Tabaram. Fasinja suna ƙorafi in na tsaya, ni kuwa in ce wanda ya ƙosa ya sauka ya tura. Buhunan suna jere a ƙarƙashin rumfa a tsakar gida, shi kuma ya san kowanne da taɓawa.

Mutanen gida fa? Wasan laka, haka suke kiransa. Babba da shi yana wasan laka kamar yaro. Mata su ce ɗakin yana zubar da ƙura, su ce zai tara kunama. Mutumin nan ya ci tuwonmu shekaru, ya ɗauki makarar Baba a kafaɗarsa, da Inna ta rasu ya yi kukan da ni ban yi ba, amma har gobe sunansa baƙonmu. Suna son sa, wannan ba zan yi musu ƙarya ba. In ya yi zazzaɓi kwanuka har sun yi yawa a ƙofarsa. Sai dai babu wanda ya taɓa shiga ya zauna ya dubi bangon kamar abin da ake duba. In ka cire ni da Inna da wancan makiyayin, ban san wani ba.

Sai wana ya dawo daga Abijan, dawowar zama. Ya samu, Allah ya buɗa masa, ban yi masa hassada ba. Amma ya dawo da ciwo a zuci, kullum a zaure labarinsa ɗaya ne, wulaƙancin da baƙo ke sha a ƙasar wasu. Yadda ake tsayar da su a hanya a tambayi takarda, yadda wani mai gida ya watso masa kaya waje ana ruwa, yadda ya yi shekaru a unguwa ba wanda ya san sunansa. Ya rantse cewa baƙon da ke ƙarƙashin rufinsa ba zai ga irin wannan ba. Da gaske yake, har idonsa yakan yi ja in yana faɗa.

A Adar kowa ya san abin da wanda ya dawo daga biɗa yake fara yi. Siminti. Kafin damina a shafe gidan ƙasa da siminti ciki da waje, duk mai wucewa ya san ɗan gidan ya dawo da arziki. Wana ya sauke buhuna, ya kira magina. Rannan bayan la'asar, gaban mutane, ya ce wa Ɗan Kurmi ɗakinsa za a fara gyarawa. Ɗan Kurmi ya sunkuyar da kai ya ce:

"A bar shi haka, Yaya. Ya ishe ni yadda yake."

Ga inda abin ya lalace. A wurinmu in ka yi wa baƙo tayin alheri dole ya ce a'a, wannan kara ce. In ka miƙa masa nama zai ce ya ƙoshi, kai kuma aikinka ka tura masa kwanon. Wanda ya ji a'ar baƙo ya janye hannu, marowaci ne. Wana ya ji a'a, ya yi murmushi, ya ce wa mutane ku ga kunya irin ta mutumin kirki. Shi kuma Ɗan Kurmi ya zauna da mu har ya koyi ladabinmu fiye da mu. Ba zai iya duban mai gida gaban jama'a ya ce kada ka taɓa mini ɗaki ba. A'ar da yake da ita guda ɗaya ce, kuma ita ce irin wadda ba ma ji.

Ni na faɗa ƙarara. Na ja wana gefe na ce Yaya, mutumin nan ba kara yake yi ba, bangon nan shi ne ransa, ka yi simintinka ko'ina ka bar masa. Ya ce me mutane za su ce, gida duk siminti, ɗakin baƙo kaɗai laka? So nake a zage shi a gari? Muka yi ta yi har ya ce to ya ji, na ɗauka ya ji ɗin.

Ana haka aka bugo wa Ɗan Kurmi waya mahaifiyarsa ta rasu. Ya kulle ɗaki, ya miƙa wa wana makulli, tunda mai tafiya wa mai gida yake bar wa makulli. Ni kuma aka yi shatar motata kai kaya arewa, inji ya buga a Tabaram, na zauna jiran a aiko mini da abin gyara daga Tawa.

Na dawo na tarar da ƙofar gida ta yi tudu. A da akwai wani kwari a nan inda ruwa ke taruwa da damina, yanzu an cike shi da ɓaraguzai. Na taka na shiga ban lura da abin da na taka ba. Ɗakin a buɗe, yana warin fenti. Bango huɗu sumul, kore mai ƙyalli, irin koren da mutumin ya yi shekaru kafin ya raba hannunsa da shi. Ga sabuwar katifa, ga fanka, ga kayansa an wanke an jera. Da farko na gaya wa kaina zanen yana nan a ƙarƙashi, in an ɓamɓare simintin za a same shi. Maginin da ke wanke cebur a tsakar gida shi ya cire mini wannan. Ya ce siminti ba ya kama bangon ƙasa mai santsi, sai an sassare fuskar da gatari tukuna, an kakkafa ƙusoshi. Abin da suka sassaro shi ne suka cike kwarin da shi.

Ban san lokacin da na caƙumi wuyan rigar wana ba. Ni da ban taɓa ɗaga masa murya gaban mutane ba. Aka taru aka ɓamɓare ni. Ina haki na ce:

"Yaya, ka taɓa ɗaga kai ka dubi bangon nan kuwa?"

"Na duba mana," in ji shi. "Duk ya yi dabbare-dabbare. Shi ya sa na fara da shi."

Wallahi da mugunta ya yi da ya fi mini sauƙi. Mugu ka san yadda za ka yi da shi. Wannan kuwa tsaye yake yana gyara rigarsa, ransa a ɓace don ƙanensa ya ci masa fuska a kan alherin da ya yi. Dattawan unguwa suka ce in ba shi haƙuri, babba ne. Na ce su ba shi, ni ba ni da shi.

Wana ya hana kowa faɗa wa Ɗan Kurmi, wai yana so ya zo ya gani da idonsa ya ji daɗi bayan baƙin cikin rashi. Ni ma ban buga masa ba, ba zan gaya wa mutum wannan yana zaman makokin uwarsa ba. Amma ranar da zai iso na tare shi a tasha, na zaunar da shi a bencin mai shayi, na gaya masa. Ya roƙi ruwa ya sha. Sannan ya tambaye ni ko duka ne, har bayan ƙofa. Na ce duka.

A gida wana ya tara maƙwabta don ta'aziyya, an shimfiɗa tabarmi a zaure. Aka yi addu'a, aka shafa. Sai wana ya kama hannunsa ya kai shi ƙofar ɗakin, jama'a na biye. Ɗan Kurmi ya tuɓe takalmi ya shiga. Ya ɗora tafin hannu a bangon yamma, ya ɗan jima a haka. Ina tsaye a baya ina roƙon Allah ya sa mutumin nan ya yi ihu, ya yi zagi, ya fasa fankar, ko ni in samu abokin faɗa. Ya juyo ya fito, ya rusuna gaban wana.

"Na gode ƙwarai, Yaya. Allah ya saka da alheri."

Zaure ya amsa da amin. Wana ya share ƙwalla. Ya dafa kafaɗarsa ya ce yanzu da bangon waje ya yi sumul, sai ya zana masa jirgin sama da babbar gadar Abijan a kai, yadda kowa zai gani. Ɗan Kurmi ya ce to. Na fita na bar musu gidan, domin da na ƙara tsayawa da an sake riƙe ni.

Na yi ƙoƙari, kada a ce ban yi ba. Ina da fili a bayan gari, na ce zan gina masa ɗakin ƙasa ya fara sabo. Ya girgiza kai. Ya ce wancan ba zane ɗaya ba ne da za a maimaita, shekaru ne a kan shekaru, kuma farar ƙasar da ke ƙarƙashin duka hannun Inna ce ta shafa ta. Ya ce ya fara a bakin teku, ya fara a tasha, ya fara a ƙoramar Afala, ya gaji da farawa. Sau ɗaya na leƙa na gan shi ya kwaɓa jar ƙasa ya shafa a simintin. Ta gangaro ta taru a daɓe, ya sa tsumma ya goge.

Da ruwan farko ya sauka muna zaune a zaure ni da shi. Ruwa ya bi ta kan tudun ƙofar gida ya gangara titi, ja, da rawaya, da wani ɗan shuɗi a gefe. Wani ɗan kabu-kabu ya ratsa ta ciki da babur ɗinsa ya wuce. Muka bi launukan da kallo har ruwan ya ɗauke.

Ya zana wa wana jirginsa da gadarsa, suna nan har yau, baƙi suna yabawa. Bayan girbi ya ce zai koma gida, ƙannensa suna buƙatarsa. Ya tafi da akwatin katakon da ya zo da shi. Kafin ya shiga mota ya roƙe ni abu ɗaya, ya ce buhunan ƙasar nan da suka rage a rumfa in mayar da kowacce inda muka ɗebo ta, kada a cike wani kwarin da su.

Har yau in an zauna a zaure wana yakan kawo zancensa. Ya ce babu abin da bai yi wa mutumin nan ba, ɗakinsa ya fara gyarawa kafin nasa, amma bai ƙara ko shekara ba ya tafi, haka baƙo yake. Mutane su gyaɗa kai. Ni sai in tashi.

Na ɗora buhunan a mota ran kasuwar Tabaram. A ƙoramar Afala na tsaya, na saɓa na ja a kafaɗa na gangara, na zazzage shi a gindin gaɓar, na dawo na ɗauki na rawaya. Fasinja suna leƙe ta taga. Da na hawo ina kakkaɓe hannu, wani mai farar hula a gidan gaba ya tambaye ni ko magani nake binnewa. Na ce masa ya rufe mini baki ko ya sauka ya ƙarasa da ƙafa, na tayar da mota, saura farar ƙasa a baya.